Motar caji ta zo gidanmu a Birnin Kebbi, ga lissafin da na yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wagga jarida tamu in faɗi albarkacin bakina kan motar lantarki, wadda mu nan muke ce ma motar caji. Ka yi haƙuri da Hausata ta Kabawa ce, in ka ga munka da sunka don Allah kada ka goge.

Ni tsohon direba ne. Shekara 26 na yi ina jan mota tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, tun daga Fijo 504 har Golf har Sharon, yanzu baya ya gaji na aje sitiyari, abin da ya rage min keke napep biyu da yara ke ja, da 'yar gonar shinkafa a fadamar Argungu. Saboda haka in ana maganar fetur ba labari nike ji ba, a jikina nike ji. Ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, muna sayen lita ƙasa da naira 200, kafin sati ya zagayo ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Tun lokacin duk majalisar da ka zauna sai ka ji wani ya ce ai Turawa sun bar fetur, mu ma mu koma motar caji mu huta. Ni ma haka nike cewa, har Allah ya kawo min ita ƙofar gida.

Ɗan ƙanwata ne shike aiki a Abuja, Allah ya buɗa mishi, ya sayi wata 'yar China mai caji, fara ƙal, ya ce sai ya kawo ta gida da babbar Sallah tsohuwarshi ta sa albarka. To matsala ta farko tun ba a taso ba. Daga Abuja zuwa nan ya fi kilomita 600, ita kuma motar a takarda kilomita 400 take yi in an cika ta, a takarda fa, ba da esi a kunne ba, ba da kaya a but ba. Kuma in ka bi ta Minna ka faɗo Kontagora ka miƙe Yauri, ina za ka tsaya ka jona? Ƙarshe dai ɗoro ta anka yi a bayan babbar mota mai shan gas, shi kuma ya biyo motar haya. Da anka sauke ta yaran unguwa sunka yi ca, wani na cewa ina salansa, wani ya kwanta ƙasa shina leƙe.

Gaskiya in faɗa tsakanina da Allah, motar ta burge ni. Ya miƙo min makulli, wanda ma ba makulli ba ne kati ne, ya ce Kawu ja mu. Na taka kaɗan sai na ji bayana ya manne da kujera, ba giya ba kuloci ba ƙugi, kamar ana jan ka da igiya. Munka miƙi hanyar Kalgo, wata akuya na kwance tsakiyar titi ko kunne ba ta kaɗa ba don ba ta ji zuwanmu ba sai da na yi hon. Ya nuna min ba baƙin mai, ba fulogi, ba filtar mai, ba bel ɗin injin da zai tsinke maka cikin daji, ko birki ma ba ya saurin cinyewa don in ka ɗaga ƙafa ita da kanta take rage gudu tana maida wuta cikin batir. Wanda ya yi shekara 26 shina kwana gareji ya san darajar wagga magana. Ran nan da dare na ce mishi ɗana ka yi dabara.

Kwana uku batir ya sauko zuwa 20 cikin 100.

A nan ne fa labari ya sake. Batirin motar yunit 50 shike ci, irin yunit ɗin da muke saye a mita. Cajar da ta zo da ita wadda ake jonawa a soket na bango kusan yunit 2 take ja a awa, kenan kusan awa 25 kafin ta cika daga ƙasa. Mu kuma unguwarmu in anka ba mu wuta awa huɗu ko biyat a yini sai mu ce yau masu wuta sun tashi da ƙafar dama. Daren farko an kawo ƙarfe sha ɗaya, ya fita da gudu da gajeren wando ya jona, ƙarfe ɗaya anka ɗauke. Da safe ya duba ta ƙaru da 7 ko 8 cikin 100. Sai munka jawo janareto. Caja ta ce ba ta san zance ba, sai jar fitila take ƙiftawa, sai da munka kira wani yaro mai wayarin ya zo ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura waya, ya ce wai atin take nema, sannan ta yarda. Janareto ya kwana shina ruri maƙwabta ba su yi barci ba. Da asuba muna fitowa masallaci wani dattijo maƙwabcina ya tsaya ya dubi motar ya dubi janareto ya ce, Alhaji ashe dai ita ma fetur take sha, sai dai ita 'yar gata ce sai an tauna mata.

An yi dariya, amma ni da na koma ɗaki sai na ɗauki biro, don direba bai yarda da magana sai da lissafi. Mota irin wagga tana cin kamar yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, mu ce 18. Wutar da ta fi tsada ita ce ta 'yan Band A, waɗanda anka yi ma alkawarin awa 20 a yini, a Afrilun 2024 anka kai musu yunit naira 225, daga baya ya dawo wajen 209. To 18 sau 209 bai kai naira 4,000 ba. Corolla mai lafiya kuma tana shan kamar lita 8 a wannan tafiyar, in mun ɗauka lita naira 900 ce, 7,200 kenan. Ka ga kusan rabi. Masu cewa motar caji ta fi arha ba ƙarya suke ba, ko da wutar masu kuɗi ka yi caji ka ci riba, balle mai sola a gida.

Amma juya takardar. Ƙaramin janareton da muke da shi a gidaje, mai kilowat biyu da ɗan wani abu, shina shan kusan lita ɗaya a awa ya ba ka kamar yunit 2. Yunit 18 kenan lita 9. Wato ka sayi motar miliyoyi don ka gudu daga lita 8, ka dawo kana ƙona lita 9, ga hayaƙi ga ƙara ga baƙin man janareto ga gabar maƙwabta. An gudu ba a tsira ba. Duk ribar motar ga a wuya ɗaya take rataye, wutar da za ka jona, kuma ita ce abin da ba mu da.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu Kabawa wuta ta kanmu take wucewa. Babban layin da ya taso daga dam ɗin Kainji nan Birnin Kebbi shike sauka, daga nan ake tura wa Sakkwato, daga nan wani layin ke tsallaka iyaka zuwa Yamai, shi ne wanda anka yanke ma Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulki anka maida a Maris 2024. Ga hasumiyoyin ƙarfe muna gani kullum, ga gida duhu. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyat. A Oktoban 2024 kowa ya tuna yadda yawancin Arewa ta yi sama da mako cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai ya faɗi, ƙanƙara ta zama zinariya, masu injin niƙa da masu walda sunka zauna. Ka ɗauka a ce a wannan makon motocin haya da na asibiti duk masu caji ne. Fetur komin tsadarshi in ya ƙare maka a Koko ko Jega za ka samu ɗan bumburutu da galan a bakin titi. Wuta kuwa ba a zuba ta a jarka. Kuma a halin da hanyoyinmu ke ciki, musamman wajen Zuru da Wasagu ko 'yan uwanmu na Zamfara, wa zai yarda shi yi fakin awa ɗaya a bakin daji da yamma wai shina jiran batir ya cika?

Sai kuɗin sayen ta. Tun da anka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta je tana yawo a 1,500. Motar caji sabuwa mai matsakaicin kuɗi, ta dala dubu 20, naira miliyan 30 kenan tun ba a yi maganar jirgin ruwa da kwastan ba. Gwamnatin tarayya ta cire ma motocin lantarki harajin VAT a Oktoban 2024, an gode, amma wanga kamar a rage ma raƙumi nauyin allura ne. Mafi ƙarancin albashi a jiharmu naira 75,000 ne. Raba miliyan 30 da 75,000 ka gani, wata 400, shekara 33 da 'yan watanni, bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba, ranar da zai karɓi makulli ranar ritaya ta kusa.

Wani zai ce ai dama talaka ba sabuwa shike saye ba, mu jira tokumbo. Nan ma akwai magana, kuma ita ce ta fi damuna don na san halinmu. Mu motar da Bature ya yi shekara 15 shina hawa ita ce sabuwa a wurinmu, a kawo ta a wanke a canza ringi ta ƙara wasu 15 ɗin tana ɗaukar mutum takwas da buhun albasa a sama. Motar caji ba haka take ba, ranta shi ne batir, kuma kamfanoni da yawa garantin shekara 8 ko kilomita dubu 160 suke ba shi. Ba wai ranar shike mutuwa ba, a'a, a hankali shike raguwa kamar na wayarka da a da ke kwana biyu yanzu kafin la'asar ta yi ja. To wadda za ta iso hannunmu ta riga ta cinye ƙuruciyarta can, kuma canza batir shi kaɗai zai iya fin kuɗin da ka sayi motar. Ga zafi. Babban maƙiyin batirin litiyam zafi ne, mu kuma a watan Afrilu ma'auni na haura 40 kamar wasa, kwalta har laushi take. Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun yi ta kuka a 2012 cewa batir na zubewa da wuri, kuma Arizona zafinta irin namu ne. Irin waɗannan ne za su fara cika mana kasuwa don su ne masu arha. Duk mai niyyar saye ya tambaya, batirin da ruwa ake sanyaya shi ko da iska, kuma kashi nawa ya rage na lafiyarshi, kada fenti ya ruɗe shi.

Na kai motar wurin bakanikena don in gwada shi, mutumin da in ya sa kunne a bonet zai gaya maka wane fistin ke ciwo. Ya buɗe ya daɗe shina kallo, ya ga manyan wayoyi ruwan lemo, ya kai hannu sai ɗan ƙanwata ya daka mishi tsawa ya ce Baba kada ka taɓa, wuta ce kusan bolt 400 a ciki. Ya janye hannu ya goge da tsumma ya ce, to wagga sai dai a kai ta wurin masu gyaran waya. Gaskiya ya faɗa. In wani abu ya samu kwamfutarta yau a Birnin Kebbi, sai dai a sake ɗora ta bisa babbar mota.

Ina jin ana kawo misalin Norway, inda a 2024 kusan 9 cikin kowace sabuwar mota 10 da anka sayar mai caji ce, da China inda kusan rabin sababbin motoci ke jona wuta. Ko nan Afirka Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu shan fetur a 2024. Amma Habasha sai da ta gina ƙaton dam a kan kogin Nilu mai sama da megawat dubu biyat, shi kaɗai ya kai abin da ƙasarmu duka ke rabawa, kuma ita ba ta da man fetur sai ta saya da dala. Su sun gina rijiya sannan sunka sayi guga. Kuma ba wai ba mu da masu ilimin abin ba, ɗanmu na Sakkwato Jelani Aliyu shi ya zana motar nan mai caji Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma lokacin da shike shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa anka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri ma Gwamna Zulum ya zuba tasi da bas masu caji suna ɗaukar mutane cikin gari da kuɗi kaɗan. Ka lura da abin da Borno ta yi, cikin gari ne, tafiya gajera, mota ta dawo tasha ɗaya ta kwana a caji. A haka abin ke aiki.

Wanga ne ya kawo ni kan ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Mu manoman fadama mun riga mun bar fetur mun koma lantarki, ba wanda ya tara mu a otal ya yi mana bita. Kafin a cire tallafi injin ban ruwana na shan lita biyat zuwa shida a yini lokacin rani, da mai ya tashi sai na ga shinkafar ma fetur nike noma wa. Wasu sunka juya injinsu ya koma tukunyar gas ta girki, ni kuma na sayar da ɗan bijimi na sayi famfon sola da faranti. Yanzu je ka fadamar Argungu ko Suru da rani, faranti ne ke ƙyalli ko'ina, ruwa na zuba shiru ba ƙara, aikinka kawai ka goge ƙurar hunturu da tsumma ka kuma kwashe su da yamma saboda ɓarayi. Dalilin da ya sa abin ya karɓu, aikin da rana ake yin shi, ranar kuma kyauta ce, kuma kuɗin bai fi ƙarfin mai bijimi ɗaya ba.

To abin hawan da ya yi kama da famfon sola ba jif ba ce, kabu-kabu ne da keke napep. Su ne ke ɗaukar talaka zuwa kasuwa da asibiti da makaranta, su ne kuɗin mai ya fi kashewa. Yaran da ke jan kekunana kusan rabin abin da sunka samu a yini gidan mai shike tafiya, da yamma su kawo min balas suna sunkuyar da kai, ni ma kunya ta hana ni yin faɗa. Batirin babur mai caji bai wuce yunit uku zuwa huɗu ba, faranti biyu manya sun isa su cika shi a yini ɗaya da irin ranarmu. Kuma ba sai ɗan kabu-kabu ya tsaya jira ba. Ka san rumfar mai cajin waya a tasha, yadda shike manna 'yar takarda ya rubuta lamba a bayan batir ya ba ka ɗaya lambar ka riƙe? Haka ake yi da babur a Kwatano da Lome da Kigali, kamfanoni irin su Spiro da Ampersand sun kafa rumfuna, ka zo da batir da ya ƙare a zare a sa maka cikakke cikin 'yan mintoci ka biya ka wuce, batirin ma ba naka ba ne balle tsufanshi ya dame ka. Benin fa nike magana, wadda muke iyaka da ita ta Bagudo, ba Turai ba.

Sai dai a yi hattara da masu arhar nan da ke shigowa da batir irin na ruwa mai nauyi, wani abokina ya sayi keken kaya irin wannan shina ɗaukar fiya wata, damina ɗaya da bazara ɗaya batiran sunka kumbura kamar burodi. In za a yi a yi da litiyam mai kyau. Abin dariya ma, ƙasarmu ake haƙo shi, ga shi can a Libata cikin ƙaramar hukumar Ngaski, a loda a tirela a fita da shi da arha, ya dawo mana a kwali da dala.

Roƙona ga gwamnatin jiha da masu hannu da shuni, in akwai kuɗin da za a kashe kan wanga al'amari kada a fara da sayo ma manya motocin caji a jera a gidan gwamnati a ɗauki hoto. A kafa rumfunan sola na canjin batir a tsohuwar kasuwa da sabuwar tasha da ƙofar asibiti da bakin makarantu, a Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yauri da Zuru, a ba 'yan kabu-kabu da masu keke bashin abin hawan su riƙa biya kullum daga abin da da za su kai gidan mai, ta hannun ƙungiyoyinsu don su sunka san wa zai biya wa zai gudu. A ɗebi yaran gareji da masu gyaran waya a kai su Waziri Umaru Federal Polytechnic su koyi aikin batir kafin kayan su iso, ba bayan sun lalace ba. Ni na yi alkawari ranar da anka buɗe rumfa ta farko zan sayar da keke ɗaya cikin biyun in gwada mai caji, in ta ci ni zan sake rubuto maka in faɗa.

Shi kuwa ɗan ƙanwata bayan Sallah da kwana huɗu anka sake ɗora motarshi bisa babbar mota ta koma Abuja, inda shike da wuta da sola a rufin gida, ya ce can tun da ya saye ta bai taka gidan mai ba kuma na yarda da shi. Shekaranjiya ya bugo waya ya ce Kawu Sallah mai zuwa da tsohuwar Corolla zan zo, a aje min jarka ɗaya.

Naku,
Tsohon direban layin Sakkwato,
daga Birnin Kebbi.